Kira ga Makanikai da Shugabannin Tasha: A Daina Cire Cekar Ƙofar Mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin direbobi da makanikai da shugabannin tashoshin mota na Jihar Kebbi kan wani ƙaramin ƙarfe da ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali lafiyar fasinja da ta mai wucewa a gefen titi tana rataye da shi. Ina nufin ƙarfen nan da ke tsakanin hinjis biyu na ƙofar mota, wanda makanikai ke ce wa ceka, shi ne ke ƙayyade iyakar inda ƙofa za ta buɗe, kuma shi ne ke riƙe ta a buɗe har mutum ya gama fita. Duk wanda ya zagaya tashoshinmu, daga Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu, Koko da Yawuri, ya riƙa buɗe ƙofofin ƙananan motocin haya ɗaya bayan ɗaya, zai tarar a da yawa daga cikinsu babu abin da ya rage sai ramin da ƙarfen yake shiga, ƙofar kuma tana lilo yadda ta ga dama.

Wanda bai taɓa lura da ita ba, ya buɗe ƙofar gaba ya leƙa tsakanin hinji na sama da na ƙasa. Zai ga wani ƙarfe da faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, an ɗaure kansa ɗaya a jikin ginshiƙin mota, ɗaya kan kuma ya shige cikin ƙofa ta wani rami. A cikin ƙofar akwai ɗan akwati da aka ɗaure da noti biyu, galibi masu cin sifana mai lamba goma, kuma ƙarfen yana ratsa tsakiyarsa. Cikin akwatin akwai 'yan tayoyi biyu, ko 'yan dunƙulen roba mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda sifirin ke matse su a jikin ƙarfen. Shi kuwa ƙarfen ba sumul aka yi shi ba, an yi masa tudu da kwari da gangan. Idan ana buɗe ƙofa, akwatin yana tafiya tare da ita yana zamewa a kan ƙarfen, tayoyin su hau tudu su faɗa kwari, kuma duk inda suka faɗa kwari nan ne ƙofar ke tsayawa da kanta. Wannan ne dalilin da ya sa ƙofar mota mai lafiya take buɗewa mataki-mataki, sau biyu ko uku, mutum yana jin ta ɗan cije a hannunsa kafin ta wuce zuwa mataki na gaba. A can ƙarshen ƙarfen an yi masa kai mai faɗi tare da robar da ke shanye duka, kuma nan ne iyaka ta ƙarshe, wadda a yawancin ƙananan motoci take tsayar da ƙofa tsakanin digiri 60 da 80, kafin bakinta na gaba ya taɓa fenda, wato jikin motar da ke saman tayar gaba.

Aikin hinjis ɗaukar nauyin ƙofa ne da juya ta, ba tsayar da ita ba. Ƙofar ƙaramar mota, idan aka haɗa da gilashi da injin ɗaga shi da ƙarfen kariya da ke cikinta, takan kai kilo 20 zuwa 30, wasu ma sun fi haka, saboda haka idan aka sake ta ta tafi da gudu dole ne wani abu ya karɓi dukan. In akwai ceka, robar ƙarshenta ce za ta karɓa. In babu, fenda da hinjis ne za su karɓa, kuma ba don haka aka ƙera su ba.

A nan ƙasarmu babban abokin gabar ƙofar mota shi ne iskar hadari. Kowa ya san yadda hadarin farkon damina, a watan Mayu da Yuni, yake tasowa daga gabas da guguwa mai ƙura tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, a daidai lokacin da kowa ke gaggawar fita daga mota ya samu mafaka. Faɗin ƙofar gaba tare da gilashinta ya kusa murabba'in mita ɗaya, kuma iska mai gudun kilomita 60 a awa tana tura irin wannan fili da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 20. Idan gudun iskar ya ninka, turin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. Wani zai ce kilo 20 ai ba wani abu ba ne. Amma a tuna cewa iskar tana turin tsakiyar ƙofa ne, wajen rabin mita daga hinjis, ita kuwa ceka tana ɗaure dab da hinjis, tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, don haka nauyin da ke sauka a kanta yakan ninka sau biyar ko shida, ya kai ko ya haura na buhu biyu na shinkafa masu kilo 50. Wannan lissafin na ƙofar da ke tsaye ne, ba a sa fizgar da take yi ba idan ta kuɓuce daga hannu ta je ta doki iyaka. Tun da ƙofofin motocinmu ta gaba aka ɗaure su, iskar da ta zo ta bayan mota ita ce mai fizge ƙofa, wadda ta zo ta gaba kuwa rufe ta take yi. Direban da ya ga hadari ya haɗo, in yana da zaɓi, gara ya tsayar da motarsa tana fuskantar gabas, kuma a riƙa buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka buɗe hagu da dama a lokaci guda iskar takan ratsa ta cikin motar ta banke ta ɗaya ɓangaren.

Bayan iska sai gangare. Kafaɗar yawancin titunanmu ta karkata zuwa kwata, saboda haka motar da ta tsaya a gefen hanya takan jirkice ta dama: ƙofofin dama su riƙa faɗawa waje da nauyinsu, na hagu kuma su riƙa komowa kan ƙafar mai fita. Haka kuma motar da ta tsaya hancinta na kallon tudu ƙofofinta komowa suke yi su rufe, wadda hancinta ke kallon gangare kuwa nata buɗewa suke yi su wuce iyaka, kuma direbobin ƙasar Zuru sun fi kowa sanin wannan. Na ga mace da goyo a bayanta, da ƙullin kaya a hannu ɗaya, ta sauko da ƙafa ɗaya ƙasa tana neman inda za ta dafa, ƙofar ta komo ta matse mata ƙauri a jikin dakalin mota, har sai da wani ɗan kamasho ya ruga ya riƙe ta. Ba a kai ta asibiti ba, ba a kuma rubuta abin a littafin kowa ba, kuma ina ganin shi ya sa ba a ɗaukar lamarin da muhimmanci: irin wannan rauni ba ya shiga ƙididdiga. Da hannun yaro ne a bakin ƙofar, da zancen ya sha bamban.

To, yaya ake yi cekar ke ɓacewa? Wasu kan karye ne don tsufa, amma a ganina mafi yawansu a gareji suke salwanta. Idan mota ta samu ƙwarzane ko lotsawa aka kai ta wurin fanabita, abu na farko da yake yi in zai sauke ƙofa shi ne ya kwance cekar, don ita ce ke hana shi buɗe ƙofar sosai ya kai ga notin hinjis. Yaronsa ya karɓa ya jefa cikin gwangwanin notina. A yi walda, a shafa fila, a goge, a yi fenti, a mayar da ƙofa a daidaita ta har ta riƙa rufuwa da yatsa ɗaya, mai mota ya zo ya zagaya yana shafa fenti yana sa albarka. Mayar da cekar kuwa yana bukatar a sake cire rufin cikin ƙofa, a ɗaga gilashi, wani lokaci har a cire sifika, a zura hannu ta cikin rami mai kaifi a lalubo mazauninta, ga shi magariba ta kawo jiki. Sai a bar ta a gwangwani. In ka tambaya, amsar da za ka ji ita ce, "Alhaji, ai wannan ba ta hana mota tafiya." Gaskiya ne ba ta hana tafiya, amma wannan mai motar zai komo garejin kafin damina ta fita da fenda a lanƙwashe, kuma ba zai taɓa haɗa ɓarnar da aikin da aka yi masa a baya ba. Ba na cewa da gangan ake yi don a samu ciniki. Ganda ce da rashin sanin amfanin abin, kuma yaron da ya koyi aiki a haka shi ma haka zai koyar.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan fenda ba, kuma a nan ne nake so masu karatu su fi mayar da hankali. Duk lokacin da ƙofa ta wuce iyakarta, hinjis suna ɗan buɗewa, ƙarfen ginshiƙin da aka ɗaure su a kai yana ɗan janyewa, har ƙofar ta fara sunkuyawa ta baya. Da ta sunkuya, makullinta ya daina saduwa daidai da ƙugiyar da ke jikin mota, sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi kafin ta kama. Makullin ƙofar mota kuwa mataki biyu gare shi: kamun farko, wanda ƙofa ke maƙalewa amma ba ta rufu ba, da kamu na biyu, wanda shi ne cikakken rufi. Ƙofar da ta sunkuya takan tsaya a kamun farko mutane su zaci ta rufu. Yanzu a haɗa wannan da yadda ake lodi a tashoshinmu, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, yaron mota ya sa kafaɗa ya danna ƙofa a kan cinyar na gefe, sannan a hau hanyar Jega zuwa Yawuri ana faɗawa ramuka. Nauyin mutum huɗu yana jingine da ƙofar da kamu ɗaya kawai ke riƙe da ita. Akwai kuma wayoyin da ke ratsawa daga jikin mota zuwa cikin ƙofa ta cikin wata robar kariya, su ne ke kai wuta ga gilashi da makulli da madubin gefe, kuma an yanke su daidai da iyakar da kamfani ya sa wa ƙofar. Idan ƙofar ta riƙa wuce iyaka, wayoyin su riƙa miƙewa suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a cikin robar, inda ido ba ya gani, sai mai mota ya yi ta zarya wurin mai gyaran waya. A wasu motocin zamani ma na'urar da ke sanar da jakar iska cewa an bugi mota ta gefe tana cikin ƙofar ne, kuma ta wannan hanyar wayarta ke bi.

Ceka ba ta mutuwa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Alamar farko ita ce ƙarar ƙas-ƙas ko ɓas idan ana buɗe ƙofa, kuma sau da yawa ba wani abu ba ne illa notin akwatin ko na ginshiƙi ya saki, wanda ɗaure shi ba ya cin minti biyar. Idan aka ƙyale, ramin notin ya faɗaɗa, ƙarfen ƙofar da ke kewaye da shi ya fara tsagewa, daga nan aiki ya zama na mai walda. Alama ta biyu ita ce ƙofa ta daina cijewa a matakanta, wato tudun da ke jikin ƙarfen ya cinye ko sifirin ya saki. A ciro irin wannan a duba, za a ga robar da aka lulluɓe ƙarfen da ita ta zaizaye ta yi kwalbatu biyu, sama da ƙasa, tsatsa ta fito ta tsakiya. Abin da ke hanzarta wannan a wurinmu shi ne ƙurar hunturu da kuma al'adar ɗiga baƙin mai a duk inda aka ji ƙara. Baƙin mai yana kama ƙura, su haɗu su zama laka mai yashi da ke cin roba da ƙarfe duk buɗewa, ban da cewa man kansa yana lalata wasu nau'o'in roba. Abin da ya dace shi ne a buɗe ƙofa har ƙarshe, a goge ƙarfen tas da tsumma, a shafa masa farin giris kaɗan, a buɗe a rufe don ya shiga ciki, kuma a maimaita hakan bayan hunturu da bayan damina.

Game da walda, ina da ja. Idan mazaunin cekar ya tsage, abin da ya fi shi ne a sa faranti na ƙarfe a bayansa a ɗaure da noti, ko a yi walda mai tsabta bayan an cire kan batir an kuma janye wayoyi da robobi daga wurin. Abin da ba shi da kyau shi ne a narka ƙarfe a kan ginshiƙin mota son rai, domin a motocin zamani ginshiƙan nan da ƙarfe na musamman aka yi su don su jure haɗari, kuma zafi yana rage musu ƙarfi. Ita kanta cekar da ta karye ba a haɗa ta da walda, sauya ta ake yi, kuma ana samun ta a wurin masu sayar da kayan Beljiyam. Sai dai a lura cewa a motoci da yawa ta gaba daban take da ta baya, don haka a tafi da tsohuwar a gwada. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin miƙe fenda da fenti ba. Direbobin da ke ɗaura igiya ko tsohon bel tsakanin ƙofa da ginshiƙi kuwa, ba zan yi musu dariya ba, domin da ɗaurin fata motocin farko suka fara, kuma motar Jeep Wrangler ma ta daɗe tana fitowa daga kamfani da maɗaurin zare. Igiya tana hana ƙofa wuce iyaka, amma ba ta riƙe ta a buɗe, saboda haka rabin aiki take yi, kuma maganin kwana biyu ce kafin a samo ta gaskiya.

Motocin da ƙofarsu ke zamewa, irin su Hiace da Sienna, su ma suna da nasu: robar tsayawa a ƙarshen layin da ƙofar ke bi, da wata ƙugiya da ke riƙe ta idan ta buɗe gaba ɗaya. Idan ƙugiyar ta lalace, bas ta tsaya a gangare, ƙofar takan zamo da dukan nauyinta a kan mai sauka. Haka nan murfin but ɗin da ake tokarewa da sanda don shokinsa guda biyu da ke riƙe shi a buɗe sun mutu; a sauya su biyun tare, kuma kada a huda tsohon ko a jefa shi cikin wuta, domin iska ce a matse a cikinsa.

Kamfanonin mota ba su raina wannan ɓangare ba. Akwai manyan motocin da cekarsu ke aiki da mai, tana riƙe ƙofa a duk inda aka sake ta ba sai a mataki biyu ko uku ba. Kamfanin Ford ya fito da wata 'yar roba a motar Focus a 2012, wadda ke leƙowa ta rufe bakin ƙofa da zarar an buɗe, don kada ta ƙwarzane motar da ke kusa. Hyundai kuma ya sa wa Santa Fe ta 2018 na'urar da ke hango abin hawa mai tahowa daga baya ta hana a saki makullin ƙofar baya har sai ya wuce. Irin waɗannan za su daɗe kafin su iso tashar Kamba ko ta Bunza, amma matsalar da aka yi su dominta tana nan a gabanmu kullum, wato ƙofar da aka banka a gaban ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama, ƙofarsa kuma cikin titi take buɗewa. Ceka mai lafiya tana taimakawa a nan, domin matakinta na farko yana ba mutum damar ya ɗan buɗe ƙofa ya tsaya ya leƙa, maimakon ta kuɓuce ta tare rabin hanya. Amma ba ta da ido. A ƙasar Holan an daɗe ana koya wa direbobi su buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jiki ya juya ido ya kalli baya, kuma Birtaniya ta shigar da wannan shawara cikin littafinta na ƙa'idojin hanya a watan Janairu na 2022. Ga direbanmu da duk wanda ke zaune a bayansa, hannun da ya fi nisa da ƙofa shi ne na dama, wanda dama da shi muka saba yin abubuwa, don haka koyar da wannan a makarantun tuƙi ba zai yi wuya ba. Ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda ke wannan aiki tun 1988, ta sa shi cikin faɗakarwar da take yi a tashoshi da gidajen rediyo.

Ga shugabannin ƙungiyar direbobi kuwa, su ne suka fi kowa iko a kan wannan al'amari, domin babu motar da ke shiga layin lodi sai da saninsu. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki: a buɗe kowace ƙofa zuwa matakin farko a sake ta a ga ko za ta tsaya, a tura ta a hankali har ƙarshe a ga ko za ta taɓa fenda, a ɗan ɗaga ta daga baya a ji ko hinjis na motsi, sannan a rufe a ja da ƙarfi a tabbatar ta kama kamu na biyu. Motar da ta faɗi gwajin a ba ta wa'adi ta gyara kafin ta sake lodi. Jami'an duba lafiyar motoci su ma su riƙa yin haka kafin su ba da takardar shaida, ba fitila da birki da taya kaɗai ba. Ƙungiyar makanikai da fanabita kuma ta kafa wa 'ya'yanta ƙa'ida cewa duk wanda ya sauke ƙofa bai mayar da cekarta ba, idan iska ta lanƙwasa fenda daga baya, shi ne zai gyara da kuɗinsa. Mai karɓar mota daga gareji, ko mai sayen ta Kwatano, ya duba bakin fenda daidai inda yake haɗuwa da ƙofar gaba: in ya ga lanƙwasa a tsaye ko kaurin fila a wurin, ƙofar ta taɓa wuce iyaka, sai ya leƙa tsakanin hinjis kafin ya biya.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin koyar da gyaran mota,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.